Idan Zuma Ta Ƙi Ciki: Shawarwari Ga Gidan Da Ake Jinyar Mai Ciwon Hanji

Akwai masu fama da ciwon hanji da aka ɗora a kan tsarin ci mai tsauri, aka hana su sukari da madara da kayan fulawa, aka bar musu zuma a matsayin abin zaƙi ɗaya tilo. Sai ga shi zumar ma ta ƙi su. Da zarar sun sha, ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi, ko zawo ya tsinke, wani kuma jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi. A nan ne mutanen gida kan rarrabu. Wannan ya ce zumar jabu ce, wancan ya ce a ƙara masa, ai ciwon ne ke fita. Wanda ya yi ɗan karance-karance kuma ya zo da labarin wasu sinadarai da ake kira finol, tare da dogon jerin abincin da wai dole a daina. Wannan na ƙarshen na fi jin tsoro, domin da irin wannan jeri ake mai da majinyaci ƙashi da rai alhali ba a ma tabbatar da abin da ke damunsa ba.

Zuma na iya damun mutum ta hanya uku: ta sukarin da ke cikinta, ta sinadaran tsirrai da ƙudan zuma ya kwaso, ko ta garin fure da jiki ke yi wa bore. Ta farkon ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Aikin mutanen gida shi ne su gano wacce ce cikin natsuwa.

1. Ku fara da asibiti kafin ku soke ko da abinci ɗaya. Kumburin ciki da zawon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sau da yawa tsutsar ciki ce, ko ƙananan halittun da ake sha a ruwa marar tsafta, ko ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki. Duk waɗannan ana gane su ta gwajin bayan gida ko na jini ko na numfashi, kuma suna da magani na 'yan kwanaki. Babu amfanin a hana mutum zuma da tuwo wata shida alhali maganin tsutsa yake buƙata. Idan kuma likita na zargin cutar da ke sa hanji ƙin alkama, kada ku daina ba shi burodi da taliya sai an ɗebi jinin, domin idan ya daɗe bai ci alkama ba gwajin zai iya nuna lafiya lau ko da cutar tana nan.

2. Ku san abin da ke cikin cokalin zuma. A matsakaicin lissafi, kashi 38 cikin 100 na zuma sukari ne mai suna furuktos, kashi 31 gulukos ne, kimanin kashi 17 ruwa, saura kuma wasu nau'o'in sukari da ɗan abin da ba a rasa ba na sinadaran tsirrai. Babban cokali ɗaya yana ɗaukar kusan giram 21 na zuma, wato furuktos ɗin da ke ciki ya kai giram 8.

Ƙaramin hanji yana tsotse gulukos cikin sauri. Furuktos kuwa hanyar shigarsa ƙunƙuntacciya ce, kuma ya fi shiga idan akwai gulukos daidai da shi yana rakiyarsa. A zuma furuktos ya fi gulukos yawa, don haka akwai rarar da ba ta da ɗan rakiya. A jikin mutane da dama wannan rara tana wucewa babu matsala. A jikin wasu kuwa sai ta zarce babban hanji, ta jawo ruwa zuwa cikinsa, bakteriyar da ke zaune a can su hau ci suna fitar da iska. Ruwan shi ne zawon, iskar ita ce kumburin da ƙugin da yawan hutu. Alamun kan zo bayan awa ɗaya zuwa 'yan awanni, kuma ƙarfinsu yana bin yawan abin da aka sha. Wannan shi ne babban abin lura: wanda rabin cokalin shayi bai dame shi ba amma babban cokali biyu suka kwantar da shi, da wuya a ce finol ne. Ku duba ko mangwaro da kankana da tuffa ma suna yi masa haka, domin su ma furuktos ɗinsu ya rinjayi gulukos. Idan amsar e ce, kun kusa kama ɓarawon.

3. Ku tambayi sunan tsarin cin da aka ɗora majinyacinku a kai, domin tsare-tsaren ba su yarda da juna ba a kan zuma. Akwai wanda ake kira SCD a taƙaice. Asalinsa aikin wani likitan yara ne a Amurka, Sidney Haas, wanda tun 1924 yake amfani da ayaba wajen jinyar yara masu cutar ƙin alkama, daga baya wata mata mai suna Elaine Gottschall ta yaɗa shi bayan an gwada wa 'yarta da ke fama da gyambon babban hanji. Tsarin ya hana duk wani hatsi, ya hana dankali da doya da rogo, ya hana sukari da ɗanyar madara, amma ya halatta zuma saboda sukarinta ba ya buƙatar hanji ya farfasa shi. Ku dubi abin da wannan ke nufi a gidan Bahaushe: babu tuwo, babu fura, babu kunu, babu shinkafa, har kuɓewa ma tana cikin abin da aka hana. Mutumin da aka raba da duk wannan yunwa za ta kora shi ga zuma da 'ya'yan itace, ya riƙa shan ninkin abin da ya saba. Tsarin da kansa ne ke tara masa furuktos a ciki, sannan a zo ana mamakin dalilin da zuma ta juya masa baya.

Akwai kuma tsarin FODMAP, wanda masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostiraliya suka fito da shi wajen 2005 don masu hanjin da ke saurin tashi ba tare da an ga rauni a jikinsa ba. Shi kuwa zuma tana sahun gaba a abubuwan da yake ragewa, tare da albasa da tafarnuwa da wake da alkama da madara, amma ya bar shinkafa da gero da dawa. A ganina wannan ya fi dacewa da tukunyarmu, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi ga masu kumburi da ƙugin ciki. Shi SCD, a wani gwaji da aka buga a Amurka a 2021 kan kusan mutum 200 masu cutar kumburin hanji ta Crohn, bai fi tsarin cin mutanen gaɓar Bahar Rum ba, wanda ya fi shi sauƙin bi sosai. Kada gida ya ɗora wa kansa tsarin da ya hana hatsi baki ɗaya ba tare da likita yana lura ba, musamman idan yaro ne.

4. Kada ku ɗauki finol a matsayin dafi. Finol suna ne na babban dangin sinadarai, dubbai ne, waɗanda tsirrai ke yi don kare kansu daga ƙwari da rana da ruɓewa. Su ne jan zoɓo, su ne ɗacin goro da baurin shayi, su ne ƙamshin kanumfari. Suna cikin citta da kirfa da tsamiya da albasa da ganyen zogale da ɓawon wake. Zuma ma tana ɗauke da su daga furen da ƙudan zuma ya ziyarta, kuma baƙar zuma ta fi fara yawansu. Duk wanda ya ce zai ci abincin da babu finol, sai dai ya daina cin abin da ya tsiro daga ƙasa. Yawancinsu ma alheri ne ga jiki, kuma hanta da bangon hanji suna da hanyar sarrafa su su fitar ta fitsari.

Akwai ra'ayin da ya yaɗu a tsakanin wasu iyaye a ƙasashen Turawa cewa jikin wasu yara ba ya iya wannan sarrafawar, shi ya sa suke jan kunne da kumatu da rashin barci bayan sun ci wasu 'ya'yan itace. Bincike-binciken da aka dogara da su ƙanana ne, kuma babu gwajin asibiti da aka amince da shi na tabbatar da hakan. Saboda haka ku riƙe kuɗinku idan aka tallata muku ƙwayar da wai tana narkar da finol.

5. Reshe ɗaya na wannan dangi ne ya cancanci a kula da shi, wato salisilet, ɗan'uwan sinadarin da ke cikin asfirin. A shekarun 1970 wani likita a Amurka, Benjamin Feingold, ya ɗora wa wannan sinadari da kalolin abinci alhakin ƙiriniyar yara, abin da binciken da aka yi daga baya bai gaskata ba sai a kan 'yan ƙalilan. A 1985 kuma Anne Swain da abokan aikinta a Sidni ta Ostiraliya suka auna shi a abinci iri 333, suka same shi da yawa a kayan ƙamshi irin su kori da tayim, da shayi, da wasu 'ya'yan itace, da zuma. Galibin jerin da ke yawo a hannun mutane daga wannan aiki aka samo shi. Sai dai waɗanda suka sake aunawa daga baya sun sami alƙaluma daban, domin adadin yana canzawa da irin shuka da ƙasar da ta tsiro da yadda ta nuna. Wani nazari na 2011 ya ƙiyasta cewa mutumin Sukotland yana cin miligiram 3 zuwa 5 ne kacal a rana. Ku kwatanta da ƙwayar asfirin ta yau da kullum mai miligiram 300, ko ƙaramar da ake ba masu ciwon zuciya mai miligiram 75.

Wanda ya kamata a yi wa wannan zargi shi ne mutumin da asfirin ke tayar masa da asma, ko ya toshe masa hanci, ko ya fito masa da borin jini, musamman mai tsiron nama a cikin hanci. Alamunsa sun fi fitowa a fata da hanci da ƙirji fiye da ciki. Ko a cikin waɗannan ma da yawa suna cin abincinsu lafiya. Kada ku taɓa ba mutum asfirin a gida don ku gwada shi. Wannan gwajin a gaban likita kaɗai ake yin sa, domin yana iya sarƙe numfashi.

6. Idan bayan shan zuma da 'yan mintuna leɓe ko harshe ya kumbura, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kwashe mutum, wannan boren jiki ne ga garin fure ko wani abu na jikin ƙudan zuma da ya shiga zumar. Ba ya da yawa, amma yana kisa. A garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya ba shi manja ko madara. Irin wannan mutum ba a gwada masa zuma a gida ko da ɗigo ɗaya, kuma ɗanyar zuma mai haɗe da saƙa ta fi masa haɗari.

7. Ku ware littafi ɗaya, ku riƙa rubuta abin da majinyaci ya ci da lokacin da ya ci da yawansa, da abin da ya ji da lokacin da ya ji. Ku haɗa har da abubuwan da ba a ɗauka abinci ba: goro, shayi, zoɓo, tsimi, haɗin habbatus sauda, maganin tari na ruwa. Yawancin haɗe-haɗen maganin gargajiya da zuma ake kwaɓa su, sai mutum ya rantse ya daina shan zuma alhali yana lasarta safe da yamma. Mako biyu na rubutu ya fi wata shida na zato.

8. Ku yi gwajin cirewa da dawowa, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan ga wanda damuwarsa ta tsaya a ciki ne kawai. A cire zuma gaba ɗaya na mako biyu, a bar sauran abinci yadda yake. Idan babu abin da ya canza, zuma ba ta da laifi, a nemi dalili a wani wuri. Idan an sami sauƙi, a dawo da ita a hankali: rana ta farko rabin cokalin shayi a cikin abinci, ba da sassafe ciki babu komai ba. Idan lafiya, rana ta biyu cikakken cokalin shayi, rana ta uku cokalin shayi biyu. Inda alamu suka dawo, nan ne iyakarsa, sai ya riƙa tsayawa ƙasa da wurin. A huta kwana uku kafin a gwada wani abinci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cire zuma da albasa da wake da madara da yaji rana ɗaya. Mutum zai ji sauƙi, amma ba wanda zai san wanne ne mai laifi, sai duka biyar su zama haram a gare shi har abada. Kuskure na biyu shi ne yin gwajin a ranar da aka tara masa mangwaro da kankana, domin furuktos na taruwa ne a hanji daga duk inda ya fito. Cokalin zumar da ya wuce lafiya shi kaɗai yana iya tayar da ciki idan ya tarar da mangwaro biyu a gabansa.

9. Tafasa zuma ba ya rage furuktos, tacewa ma haka. Abin da zai iya taimakawa shi ne canza irin zumar. Zumar da ke saurin daskarewa ta yi tsaki-tsaki, musamman lokacin hunturu, galibi gulukos ɗinta ne ke da yawa, wadda kuwa ta daɗe tana ruwa-ruwa furuktos ne ya rinjaya a cikinta. Mutane kan mayar da daskararriyar zuma ga mai sayarwa suna cewa an zuba mata sukari, alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce, kuma mai yiwuwa ita ce za ta fi wa mai raunin hanji sauƙi. Wanda ake zargin salisilet ne damuwarsa kuwa, ya gwada fara maimakon baƙa. Gwajin ashana da na ɗiga zuma a ruwa ba sa tabbatar da ingancinta. Ku nemi mai amya da kuka yarda da amanarsa.

10. Idan an tabbatar furuktos ne, sukari na yau da kullum ya fi zuma sauƙi ga ciki, ko da yake wannan na ba mutane mamaki. Dalili shi ne a cikinsa gulukos da furuktos kai ɗaya suke, kowane yana da ɗan rakiya. Mazarƙwaila ma haka take. Cokalin shayi ɗaya ko biyu a koko ya isa. A 'ya'yan itace, gwanda da lemon zaƙi da abarba da ayabar da ba ta yi luguf ba sun fi kwanciya, a ci ɗan daidai a raba cikin yini. Dabino da yawa yana kumbura cikin wasu, don haka mai azumi ya buɗe baki da ɗaya ko biyu ya tsaya. Ku guji alewa da cingam masu cewa babu sukari, domin abin zaƙin da ake sa musu shi ma yana kawo zawo. Mai ciwon sukari kuwa, zuma da sukari da mazarƙwaila duk suna ɗaga masa sukarin jini, shawarar likitansa ce gaba da wannan.

11. Ga wanda likita ya ce ya rage salisilet da makamantansa na wani lokaci, uwargida na iya yin haka ba tare da ta kashe miya ba. Yawancin finol a ɓawo da dusa suke, don haka a fere 'ya'yan itace, a surfa dawa sosai, a cire ɓawon wake. A rage hannu a kori da tayim da kanumfari da barkono, a bar gishiri da ɗan daddawa su riƙe ɗanɗano. Shayin ya zama marar kauri, kuma kada a sha shi tare da abinci, domin baurin da ke cikinsa yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, mai ciwon hanji kuwa da ma jininsa ba ya cika yawa. A ɗan dakatar da zoɓo da na'a-na'a. Nama da kifi da ƙwai da shinkafa da kabeji kusan babu salisilet a cikinsu, su za su riƙe shi har a gama gwaji.

12. Za a sami dattijo a gida ko maƙwabci da zai ce ai zuma waraka ce, yaya za a hana marar lafiya. A amsa masa cikin ladabi. Babu mai musun darajar da Alƙur'ani ya ba zuma a Suratun Nahli, kuma likitocin zamani ma suna amfani da ita a kan rauni da tari. Amma malaman tafsiri irin su Ibn Kasir sun kawo bayanin cewa tana dacewa da wasu cututtuka ne, ba kowace cuta a jikin kowa ba, masu rubutu kan maganin Annabi kuma sun nanata cewa magani yana da gwargwado. Rage wa mutum zuma saboda hanjinsa ba ya ɗaukar ta da yawa ba raina ta ba ne. Ku kuma daina gaya wa majinyaci cewa zawon da yake yi ciwon ne ke fita. Ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari.

13. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko a baki ranar haihuwa, ko a ruwa, ko a kan nono. Zuma na iya ɗauke da ƙwayar wata bakteriya da tafasawa ba ta kashewa. Hanjin babba yana fin ƙarfinta, na jariri kuwa tana tsira a cikinsa ta fitar da dafin da ke kashe jijiyoyi. Alamunsa su ne jariri ya daina bayan gida, ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki. Akwai kuma wata cuta ta gado, wadda ba ta fi mutum ɗaya cikin dubu ashirin zuwa talatin ba, inda hanta ba ta iya sarrafa furuktos sam. Tana bayyana lokacin da aka fara ba yaro kunu mai sukari ko 'ya'yan itace: amai, gumi, kasala, rashin girma, wani lokaci shawara. Yaron da ke ƙin duk wani abu mai zaƙi yana amai idan an tilasta masa, a kai shi wurin likitan yara. Wannan ba a yi masa gwajin gida, kuma sukari ma haɗari ne a gare shi kamar zuma.

14. Ku sa wa kowane hani wa'adi. Masu tsarin FODMAP da kansu sun ce matakin tsauri kada ya wuce mako biyu zuwa shida, daga nan a fara dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya. Hanji yana canzawa, abin da ya ƙi bana yana iya karɓa baɗi, don haka a sake gwada zumar bayan wata uku zuwa shida. Ku auna nauyin majinyaci duk mako, yaro kuma a duba ko yana girma. Idan kun ga jini a bayan gida ko bayan gidan ya yi baƙi, ko yana ramewa, ko zawo na tashe shi cikin dare, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko kuma mutum ya haura shekara 50 sannan cikinsa ya sauya ɗabi'a, ku ajiye duk wani gwajin abinci ku koma asibiti a ranar, ku tafi da littafin da kuke rubutu a ciki ku nuna wa likita.